Tarihin Eadweard Muybridge, Baturen da Ya Tsayar da Doki Cikin Sukuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon jahi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko ya je filin sukuwa na Kano, zai ce ya san yadda doki ke gudu. To, ga tambaya gare ku, 'yan'uwana ɗalibai da ku iyayenmu. In doki ya saki sukuwa, shin akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu sukan rabu da ƙasa gaba ɗaya? In kuwa akwai, yaya yake riƙe da su a wannan lokacin? An daɗe ana wannan gardama tsakanin masu dawaki a Turai da Amurka, aka rasa mai raba ta, don kuwa ƙafar doki ta fi ido sauri. Wanda ya raba gardamar shi ne zan ba ku tarihinsa.

An haife shi ran 9 ga Afrilu, 1830, a wani gari kusa da Landan mai suna Kingston upon Thames. Ubansa cinikin hatsi da kwal yake yi. Sunan da aka raɗa masa Edward Muggeridge, amma ya yi ta sake shi har ya tsaya a kan Eadweard Muybridge. Yana da kamar shekara ashirin ya haye Amurka, daga baya ya zauna a birnin San Faransisko na Jihar Kalifoniya yana sayar da littattafai.

A 1860 ya gamu da tsautsayi. Yana cikin tafiya a keken doki a Jihar Tekzas sai dawakan suka ƙwace, keken ya yi karo da itace, shi kuwa ya bugu ƙwarai a ka. Ya jima yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ba ya jin ƙanshi, ba ya jin ɗanɗano. Waɗanda suka san shi sun shaida cewa tun daga ranar halinsa ya sake, ya zama mai saurin fushi. Ya koma Ingila jiyya, can ya koyi ɗaukar hoto, a 1867 ya dawo San Faransisko da sabuwar sana'a.

Hoton wancan zamani aikin wahala ne. Sai an shafa wa allon gilashi magani, a sa shi cikin kyamara, a ɗauki hoton tun maganin bai bushe ba, a wanke nan take. Wanda ake ɗauka kuwa dole ya tsaya cik kamar gunki, in ya motsa hoto ya ɓaci. Ina ga dokin da ke gudu? Duk da haka a 1872 wani attajiri, Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya kuma shugaban kamfanin jirgin ƙasa, ya ɗauki Muybridge ya ɗaukar masa hoton dokinsa Occident yana cikin gudu. Hotunan farko ba su fita sosai ba.

Kafin aikin ya yi nisa sai wani mugun abu ya gitta. Muybridge ya auri wata yarinya, Flora, wadda ya girme ta da shekara ashirin. Ya zargi wani mutum, Harry Larkyns, da neman matarsa, har yana tsammanin ɗan da ta haifa ba nasa ba ne. Ran 17 ga Oktoba, 1874, ya bi mutumin har inda yake aiki, ya kira shi waje da dare, ya harbe shi ya mutu. A kotu lauyoyinsa suka ce buguwar nan da ya yi a ka ce ta taɓa masa hankali. Mutanen da aka zaɓa su yanke hukunci ba su yarda mahaukaci ne ba, amma suka sake shi, wai yana da hujjar abin da ya yi. Ni dai a ganina wannan ba shari'a ba ce. Mutum ya yi niyya, ya yi tafiyar sa'o'i, ya ɗauki rai a kan zargi, sa'an nan ya fita kotu ana yi masa tafi. Flora ta rasu a 1875, yaron kuwa aka kai shi gidan marayu.

Bayan ya yi 'yan watanni a ƙasashen Amurka ta Tsakiya sai ya dawo kan aikin Stanford. A gonar attajirin da ke Palo Alto ya jera kyamara goma sha biyu a gefen hanyar sukuwa. A ɗaya gefen ya kafa farin bango mai layuka da lambobi. Sa'an nan ya gitta siraran zare a kan hanyar, kowane zare yana haɗe da murfin idon kyamara ɗaya ta hanyar lantarki. In doki ya zo da gudu ya tsinke zare, sai murfin ya buɗe ya rufe cikin wajen kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Wato dokin ne da kansa ke ɗaukar hoton kansa, sau goma sha biyu a jere.

Ran 15 ga Yuni, 1878, aka saki wata goɗiya mai suna Sallie Gardner a gaban 'yan jarida, aka wanke hotunan suna tsaye. Ashe gaskiya ne ƙafafu huɗu sukan bar ƙasa. Amma abin mamakin, sai lokacin da ta tattara su a ƙarƙashin cikinta. Masu zane sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana doki a sama ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, alhali kuwa ba dokin da ke yin haka cikin sukuwa. In kun je kallon Hawan Nassarawa ku gwada, ido ba zai kama muku wannan ba.

A 1879 ya ƙara kyamarorin suka zama 24, ya fara ɗaukar 'yan wasa suna dambe da kokawa da tsalle. Ya kuma ƙera wani irin majigi mai juya faifan gilashi, ana haska zanen hotunan a bango ɗaya bayan ɗaya da sauri, sai a ga doki yana gudu. Saboda wannan ne ake lissafa shi cikin kakannin silima. Da Stanford dai ba su rabu lafiya ba. A 1882 attajirin ya sa aka buga littafi a kan aikin ba tare da sunan Muybridge a bangonsa ba. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba.

Jami'ar Pennsylvania ce ta karɓe shi. Daga 1884 zuwa 1886 ya ɗauki hotuna fiye da 100,000 na mutane da dabbobi da tsuntsaye, a 1887 aka buga shafi 781 daga cikinsu. Sai dai masu bincike na baya sun gano cewa yakan yi gyara: in hoto ɗaya ya lalace sai ya cike gurbin da wani, ko ya sake musu jeri, bai kuwa faɗa wa kowa ba. Ke nan gyaran hoto ya riga kwamfuta zuwa duniya.

Shi kowane motsi da hotonsa daban yake yi. Wani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, wanda suka sadu a Faris a 1881, shi ya fara tara motsin mai tsalle duka a kan allo ɗaya. A 1931 kuma Harold Edgerton na Amurka ya fito da fitila mai walƙiya sau da yawa cikin sakan guda. A ɗaki mai duhu ake barin idon kyamara a buɗe, kowace walƙiya ta bar siffar ɗan wasa ɗaya a jikin hoton.

Muybridge ya koma garinsu a 1894, ya mutu can ran 8 ga Mayu, 1904, yana da shekara 74. Marey ya bi shi bayan mako guda. A dutsen da aka kafa masa a Woking, mai sassaƙa ya kuskure harafi ɗaya, ya rubuta Maybridge.