Tomas Mor, Mutumin da Ya Mai da Gidansa Makaranta

A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin Ingila wanda ya rasu tun shekara ta 1535. Sunansa Tomas Mor. Shi ɗan Ekklesiyar Katolika ne, cikinta ya rayu, sabili da ita kuma aka kashe shi. Mutane da yawa sun san shi domin sarautar da ya riƙe da irin mutuwar da ya yi. Amma mu a nan gidansa muke so mu shiga, mu ga yadda ya yi renon 'ya'yansa.

Ƙuruciyarsa

An haifi Tomas a birnin Landan a shekara ta 1478. Ubansa Jon Mor lauya ne, daga baya kuma ya zama alƙali. Tun yana ƙarami aka sa shi makaranta ya koyi Latin, gama a zamanin nan Latin ne harshen ilimi a dukan ƙasar Turai. Da ya kai kamar shekara 12 sai aka kai shi zama a gidan Babban Bishop na Kantabari, mai suna Moton. Mutumin nan ya ga yaron yana da kaifin basira, ya aike shi jami'ar Oksifod. Bayan shekara 2 ubansa ya komo da shi Landan domin ya koyi shari'a.

Sa'ad da yake saurayi zuciyarsa ta rabu biyu. Ya yi wajen shekara 4 yana zaune kusa da wani gidan masu zuhudu, yana bin su a addu'a da azumi, yana gwada kansa ko wannan ce hanyar da Allah ya kira shi. A ƙarshe ya gane aure ya fi dacewa da shi. Wajen shekara ta 1505 ya auri wata yarinya mai suna Jen Kolt. Ta haifa masa 'ya'ya 4, mata 3 da namiji 1: Margaret, da Alisabatu, da Sisiliya, da Jon. A shekara ta 1511 Jen ta rasu, babbar 'yarta kuwa ba ta wuce shekara 6 ba. Kafin wata ya cika Tomas ya auri wata gwauruwa mai suna Alis, wadda ta girme shi, domin kada yaran su rasa uwa. Alis ta zo da 'yarta. Akwai kuma 'yan riƙo a gidan, ɗaya daga cikinsu ita ce Margaret Gigis, wadda ta tashi tare da 'ya'yansa kamar ciki ɗaya.

Makaranta a cikin gida

A zamanin nan ba a cika koya wa 'ya mace abin da ya wuce ɗinki da aikin gida da ɗan karatu kaɗan ba. Mutane suna cewa ilimi mai zurfi yakan ɓata mace. Tomas bai yarda da wannan ba. Ya ɗauko malamai ya ajiye su a gidansa, ya haɗa 'ya'yansa mata da namijin da 'yan riƙo a kan darasi ɗaya. Sun koyi Latin da Helenanci, da lissafi, da ilimin kafa hujja, da falsafa, da tauhidi. Sun karanta littattafan mutanen dā na Roma da Girka, da na dattawan Ekklesiya irin su Jerom da Agustin. Wani Bajamushe mai suna Kiratsa ya koya musu ilimin taurari. Da labarin ci gabansu ya iske uban, sai ya yi musu ba'a cikin wasiƙa, cewa ya ji har sun iya bambanta rana da wata.

Aikin sarki yakan raba shi da gida kwana da kwanaki, amma bai bar wa malamai nauyin duka ba. Ya umarci kowane yaro ya riƙa rubuta masa wasiƙa da Latin, kusan kowace rana. Ya nuna musu hanya: su fara rubuta abin da ke zuciyarsu da harshen gida, sa'an nan su juya shi zuwa Latin, su duba kuskure, kana su kwafe shi da kyau. Shi kuwa yakan amsa musu. Wata rana ya yabi Jon, autansu, domin wasiƙarsa ta fi ta kowa tsawo da kula.

Wajen shekara ta 1518 ya rubuta wa ɗaya daga cikin malaman, mai suna Gonel, wasiƙa a kan manufar karatun duka. Ya gaya masa halin kirki shi ne na fari, ilimi na biyu. Ya gargaɗe shi kada ya koya wa yaran son yabon mutane, gama ilimin da ke tare da girman kai ba shi da amfani. Game da 'ya'ya mata kuma ya kawo misalin gona, cewa amfanin gona ba ya sākewa ko namiji ne ya yi shuka ko mace.

Kada mu zaci gidan nan wurin ɓacin rai ne. Yana kiwon biri da yanyawa da tsuntsaye iri iri domin yara su lura da halittar Allah. Ana kaɗe-kaɗe da waƙa, har Alis da girmanta ya lallashe ta ta koyi kaɗa molo irin na ƙasarsu. Shi da kansa ya tuna wa 'ya'yansa cewa bulalarsa ba ta wuce gashin jelar dawisu ba. Amma ya hana caca da karta, ko ga barori. In an zauna cin abinci, ɗaya daga cikin yaran yakan karanta wani wuri daga Littafi Mai Tsarki, a tattauna ma'anarsa, sa'an nan a shiga hira da raha. Da dare, in yana gida, yakan tara iyali su yi addu'a da zabura kafin su kwanta. A ƙarƙashin tufafinsa na sarauta yana sanye da riga mai kaushi ta gashi domin horon jiki. Bai so a sani ba, Margaret ce take wanke masa ita a ɓoye.

Amfanin shukar bai daɗe ba ya fito. A shekara ta 1524, tana da shekara 19, Margaret ta juya littafin Irasmus a kan Addu'ar Ubangiji daga Latin zuwa Turanci, aka buga shi. Irasmus ɗin nan shi ne shahararren malamin Turai a zamaninsa, abokin Tomas ne kuma. Ya shaida cewa dā yana ganin ilimi ba shi da amfani ga mata, amma gidan Mor ya sāke masa ra'ayi.

Abin da ba za mu ɓoye ba

A shekara ta 1529 Sarki Henri na 8 ya naɗa Tomas a muƙami mafi girma na shari'a da mulki, kamar a ce Wazirin ƙasa. An san shi da ƙin cin hanci da saurin yanke shari'a. Amma akwai wani gefe na labarinsa wanda yake da nauyi a gare mu. Ya yi gāba ƙwarai da koyarwar Luta. Ya rubuta manyan littattafai yana sukar Wiliyam Tindel, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Turanci aka buga a shekara ta 1526. Ya sa aka kama masu shigo da irin waɗannan littattafai. A cikin shekarun da ya riƙe muƙamin an ƙone mutum 6 a Ingila sabili da bangaskiyarsu, shi kuwa ya yarda da hukuncin.

Ga abin mamaki. Mijin Margaret, Wiliyam Ropa, ya karɓi koyarwar Luta na ɗan lokaci yana zaune cikin gidan. Tomas ya yi ta muhawara da shi bai ci nasara ba. Daga baya ya gaya wa Margaret ya bar gardama, zai riƙa yi masa addu'a kaɗai. Ropa kuwa ya koma Katolika. Haƙurin da ya yi da surukinsa bai yi shi da 'ya'yan waɗansu ba. Mu da muke riƙe da Maganar Allah cikin harshenmu ba za mu iya yabon wannan ba. Ya kamata kuma ya tsorata mu, gama mutum yana iya zama uba nagari a gida, himma ta makantar da shi a waje.

Ranar gwaji

Sarki Henri ya so ya rabu da matarsa Katarina ya auri An Bolin. Da Paparoma ya ƙi yarda, sarki ya mai da kansa shugaban Ekklesiyar Ingila. Lamirin Tomas bai ɗauki wannan ba. A watan Mayu na 1532 ya ajiye muƙaminsa. Abin da yake samu ya ragu ya koma wajen fam 100 a shekara, ga gida cike da 'ya'ya da jikoki. Ya tara su ya gaya musu gaskiya, cewa za su rage cin daɗi mataki mataki, in ta kama har bara za su yi tare, muddin ba su rabu ba.

A watan Afrilu na 1534 aka kira shi ya yi rantsuwar da sarki ya umarta. Ya ƙi, bai kuwa faɗi dalilinsa ba. Aka kulle shi a Hasumiyar Landan, ya yi wata 15 a can. Alis ta zo ta yi masa faɗa, don me mai hankali kamarsa zai zauna da ɓeraye ya bar gidansa mai kyau. Ya amsa mata cewa kurkukun nan da gidansa nisansu ɗaya ne da Sama.

Gwajin da ya fi masa zafi daga wurin Margaret ya zo. Ita ta yi rantsuwar, da sharaɗin iyakar abin da ya dace da shari'ar Allah, aka bar ta tana ziyartarsa. 'Yar da ya koya wa kafa hujja, ita ce ta zauna a gabansa tana kawo masa hujja bayan hujja domin ya rantse ya tsira. Ta tuna masa bishop-bishop da malamai masu yawa sun rantse. Ya saurare ta da ƙauna, ya amsa mata ɗaya ɗaya. Ya ce shi ba ya hukunta lamirin kowa, amma ba zai rataya ransa a kan lamirin wani ba. Ba ta rinjaye shi ba, ba ta kuwa yashe shi ba.

Ran 1 ga Yuli 1535 aka yi masa shari'a aka yanke masa hukuncin kisa. Ana komowa da shi kurkuku, sai Margaret ta kutsa tsakanin masu tsaro da makamansu, ta rungume shi ta sumbace shi. Ta juya za ta tafi, ta kāsa, ta sāke komowa ta rungume shi. Ran 5 ga wata ya rubuta mata wasiƙarsa ta ƙarshe da gawayi, domin an ƙwace masa alƙalami, ya aika mata da rigar nan ta gashi. Kashegari, ran 6 ga Yuli, aka sare kansa. Yana da shekara 57. Aka kafa kan a Gadar Landan, amma Margaret ta karɓo shi kafin a jefa shi cikin kogi.

Abin da ya rage

Sarki ya ƙwace dukiyarsa, amma abin da ya zuba cikin 'ya'yansa bai ƙwatu ba. A shekara ta 1537 aka ɗaure waɗansu masu zuhudu 10 da sarƙa a kurkukun Niyuget aka bar su da yunwa. Margaret Gigis, 'yar riƙon nan, ta yi shigar mai tallan madara ta shiga tana ba su abinci a baki, har aka hana ta. Margaret Ropa ta adana takardun ubanta, ta kuma koyar da nata 'ya'yan kamar yadda aka koyar da ita. Ta rasu a shekara ta 1544. 'Yarta Maryamu ta juya tarihin Ekklesiya na Yusibiyas daga Helenanci. A shekara ta 1935 Ekklesiyar Katolika ta sa Tomas cikin tsarkakanta. Har wa yau akwai iyalan Katolika a Amurka da waɗansu ƙasashe waɗanda suke koyar da 'ya'yansu a gida, da Latin da littattafan mutanen dā, suna duban gidansa abin koyi.

'Yan'uwa, ba kowannenmu ne yake da kuɗin ajiye malami a gida ba. Amma abin da ya fi ƙarfi a makarantar Tomas ba kuɗi ya saye shi ba. Mutum ne mai aiki da yawa, duk da haka ya san abin da kowane ɗansa yake karantawa. Bai ware 'ya mace ba. Ya buɗe Littafi a wurin cin abinci. Ya sa tsoron Allah gaba da ilimi, da ranar gwaji ta zo kuwa 'ya'yansa suka ga ya biya da ransa abin da ya koya musu da baki. Kowane maigida a cikinmu ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya zauna da 'yarsa ya ji karatunta? Allah ya ba mu himmar mutumin nan a cikin gidajenmu, ya kuma tsare mu daga kuskurensa. Amin.