Clinton Davisson: ɗan mai fenti da haɗarin ɗakin gwaji ya kai shi ga kyautar Nobel

An haifi Clinton Davisson ranar 22 ga Oktoba, 1881, a garin Bloomington na jihar Illinois a Amurka. Mahaifinsa mai fenti ne, mahaifiyarsa malamar makaranta. Rashin kuɗi ya sa karatunsa a Jami'ar Chicago ya riƙa tsayawa, har ya shafe shekara shida kafin ya samu digirin farko a 1908.

A 1917 ya kama aiki a kamfanin Western Electric, a sashen da daga baya ya zama Bell Labs. Can shi da abokin aikinsa Lester Germer suka riƙa harba ƙwayoyin lantarki, wato elektoron, kan guntun ƙarfen nikel, ɗaya daga cikin ƙarafan da maganaɗisu ke ja, suna duba yadda suke watsuwa.

A 1925 bututun gilashin da ke ɗauke da ƙarfen ya tsage, iska ta shiga ta ɓata fuskarsa. Suka daɗe suna gasa shi don ya tsarkaka. Ashe zafin ya haɗe ƙananan kiristal masu yawa da ke cikinsa sun koma ƴan manya, inda ƙwayoyin zarra suka jeru sahu-sahu. Da suka koma gwaji, elektoron sun daina watsuwa barkatai, sun fi taruwa ta wasu kusurwoyi.

Davisson bai gane dalili ba sai da ya halarci taron masana a Oxford a 1926, ya ji ana muhawara kan hasashen Bafaranshe Louis de Broglie cewa elektoron na tafiya kamar igiyar ruwa. A 1927, da ƙarfin volt 54, suka ga elektoron na fitowa da yawa a kusurwar digiri 50, daidai da lissafin de Broglie.

Daga nan aka samo hanyar da masana ke bi har yau don ganin jerin zarra a fuskar ƙarfe, nikel ko kobalt, abin da dole a sani kafin a tantance ko maganaɗisun fatar sama ya bambanta da na ciki.

A 1937 ya raba kyautar Nobel da George Thomson na Ingila. Germer, wanda da hannunsa aka yi awon, bai samu kaso ba, kuma hakan da wuyar haɗiyewa. Davisson ya rasu ranar 1 ga Fabrairu, 1958, a Charlottesville.