Eli Mecnikof da ƙayar wardi

Wane yaro ne a Tamaske bai taɓa taka ƙayar aduwa ba? In ba a cire ta ba, sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Wani masani mai suna Eli Mecnikof shi ne ya fara gane abin da ke faruwa cikin wannan kumburi.

An haife shi a shekara ta 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Karkof, cikin ƙasar Yukiren ta yau. Tun yana yaro yake son kallon ƙwari da tsirrai. Da ya girma, ya koyar da ilimin dabbobi a jami'ar Odesa.

A 1882 ya bar aikin, ya tafi Mesina, bakin teku a ƙasar Italiya. Wata rana iyalinsa suka fita kallon wasa, shi kuwa ya zauna gida da madubinsa mai ƙara girman abu. Yana duban ƴaƴan wata dabbar teku mai siffar tauraro. Jikinsu garau yake kamar ruwa, ana ganin komi ciki. Sai ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyi suna yawo cikin jikin. Ya fita lambu, ya tsinko ƙayar wardi, ya soka wa ɗaya daga cikin ƴaƴan. Daren nan bai yi barcin kirki ba. Da gari ya waye, sai ya iske ƙwayoyin sun yi wa ƙayar taron dangi.

Daga nan ya gane cewa mu ma muna da irinsu. Su ne fararen ƙwayoyin jini. In cuta ta shiga jiki, sai su rugo su haɗiye ta. Mugunya kuwa, yawancinta gawarwakinsu ne. Ashe kumburi alamar yaƙi ce.

Likitoci da yawa, musamman na Jamus, suka ƙi yarda. Amma a 1888 Luwi Pastor ya ba shi wurin aiki a cibiyarsa ta Paris. Nan ya yi ta gwaji har magana tasa ta tabbata. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Bajamushe Pol Erlik. Da ya tsufa, kullum sai ya sha nono mai tsami, don yana ganin yana ƙara lafiya. Ya rasu a Paris a 1916.

Shekara uku bayan rasuwarsa, wani likitan Sipaniya, Riyo Ortega, ya gano cewa ƙwaƙwalwa ma tana da nata masu haɗiye cuta. Yanzu an san cewa in ƙari ya fito cikin ƙwaƙwalwa, sukan taru a kansa da yawa. Sai dai wani lokaci ƙarin yakan yaudare su da saƙonnin da yake aikawa, su bar yaƙi su koma taimaka masa ya girma. Masana suna nan suna neman hanyar da za su maido su bakin aikinsu.