Bernhard Riemann, Ɗan Fasto Mai Kunya Da Ya Zama Gwanin Lissafi

A kowace shekara mukan sami ɗalibai a aji waɗanda suka san amsa amma kunya takan hana su ɗaga hannu. Mukan kuma sami waɗanda kuɗin makaranta ke yi wa iyayensu wuya. Domin irin waɗannan ne muka kawo tarihin Bernhard Riemann, wanda ake faɗin sunansa Riman, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da aka taɓa yi.

An haife shi ran 17 ga Satumba, 1826, a ƙauyen Breselenz cikin ƙasar Hanover, wadda yanzu take cikin Jamus. Mahaifinsa faston ikkilisiyar Lutheran ne, ba mai abin hannu ba, ga 'ya'ya shida. Bernhard ne na biyu. Tun yana yaro ba shi da ƙoshin lafiya, magana a gaban jama'a kuwa tana ba shi tsoro ƙwarai. Amma in aka zo ga lissafi, ba mai kamo ƙafarsa. Ana ba da labari cewa shugaban makarantarsu ta sakandare ya ara masa wani littafin lissafi mai shafi wajen 900, ya karance shi cikin kwana shida.

A 1846 ya shiga Jami'ar Gottingen domin ya karanta ilimin tauhidi, ya gaji mahaifinsa. Da ya ga zuciyarsa tana wajen lissafi, sai ya nemi izinin mahaifin tukuna, shi kuwa ya yardar masa. Ya yi shekara biyu a Berlin, ya komo Gottingen, ya sami digirin dakta a 1851 a hannun Carl Friedrich Gauss, babban malamin lissafi na zamanin.

Kafin a ba mutum izinin koyarwa a jami'ar, sai ya yi lacca a gaban malamai. Riemann ya kawo batutuwa uku domin a zaɓi ɗaya. Biyu na farko ya shirya su sosai, sai Gauss ya tsallake su ya zaɓi na ukun, wato tushen ilimin siffofi da awon sarari. Riemann ya duƙufa a kai wata da watanni, ran 10 ga Yuni, 1854, ya tsaya ya yi laccar.

Domin mu gane abin da ya faɗa, bari mu tuna da darasin aji ɗaya. In muka zana alwatika a kan takarda, jimlar kusurwoyinta uku digiri 180 ce. Yanzu mu ɗauki lemo, mu ja layi kewaye da shi daidai tsakiya. Daga wurin da aka tsinke shi mu sauko da layi biyu zuwa wannan layin tsakiya, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe. Mun sami alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimla 270. Lanƙwasar bayan lemon ce ta kawo ƙarin. Tun 1827 Gauss ya nuna cewa ana iya auna wannan lanƙwasa daga kan abin kansa. Ashe ko tururuwar da ke yawo a bayan ƙwarya, da ta iya awo, da ta gane ƙwaryar a lanƙwashe take ba tare da ta sauka ba.

Riemann ya kai maganar gaba. Ya nuna yadda za a auna tazara da lanƙwasa a kowane wuri, ko da a sarari mai tsawo da faɗi da zurfi, ko mai fuskokin awo fiye da uku. Ya ce kuma ba za mu san ko sararin da muke ciki a miƙe yake ko a lanƙwashe ba sai mun auna. Gauss, wanda ba shi da saurin yabo, ya fita cike da mamaki.

Duk da haka rayuwa ba ta yi masa sauƙi ba. Ɗalibai takwas ne suka zo darasinsa na farko. Mahaifinsa ya rasu a 1855, ɗan'uwansa ma ya bi baya, nauyin 'yan'uwansa mata ya komo kansa. Sai a 1859 ya zama cikakken farfesa. A shekarar ce ya rubuta gajeriyar takarda a kan lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu, kamar 2, 3, 5 da 7. Hasashen da ya yi a ciki har yau ba wanda ya tabbatar da shi, ko da yake tun shekarar 2000 aka sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya iya.

Ya auri Elise Koch a 1862, suka haifi 'ya ɗaya. Ba a jima ba tarin fuka ya kama shi, ya riƙa zuwa Italiya neman iska mai ɗumi. A can ya rasu, a ƙauyen Selasca, ran 20 ga Yuli, 1866, yana da shekara 39, matarsa tana yin Addu'ar Ubangiji tare da shi. A kan dutsen kabarinsa an rubuta aya daga Romawa 8:28.

Laccar nan ta 1854 ba a buga ta ba sai 1868, bayan rasuwarsa. A 1915 Albert Einstein ya yi amfani da lissafin Riemann ya bayyana cewa nauyin rana da taurari yana lanƙwasa sarari da lokaci, abin da ke sa duniyarmu ta kewaya rana ke nan. Yau taurarin ɗan Adam masu nuna wa direba hanya a wayar hannu, sai an gyara agogonsu bisa wannan ilimi kafin su faɗi wuri daidai.

Riemann bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa ba. Aikin da aka ba shi ne ya yi da aminci, ko da yake ba shi ya fi so ba. Ɗalibanmu, musamman ku masu zama a bencin baya kuna shiru, in malami ya ba ku tambayar da ba ku shirya mata ba, ku tuna da ɗan faston Breselenz, ku ɗauki alƙalami ku fara.