Sarkin Daura Abdurrahman: Shekara 55 A Tsakanin Gidaje Masu Tsohuwar Gaba

A filinmu na wannan mako za mu waiwayi marigayi Sarkin Daura Abdurrahman ɗan Malam Musa, Allah ya jiƙansa, wanda ya hau gadon sarauta a 1911, ya riƙe ta har rasuwarsa a 1966.

Ba za a gane nauyin da ya ɗauka ba sai an san irin gidan da ya gada. A zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa ta rabu, wasu suka zauna Zango, wasu Ɓaure, daga baya duka biyun suka shiga ƙarƙashin ikon Damagaram, Fulani kuwa suna riƙe da birni. Aka yi kusan shekara ɗari a haka. Da Turawa suka zo, sai a 1906 suka sauke Sarki Murnai, suka kawo Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura, aka haɗa ƙasar wuri guda, gidan Fulani aka bar musu Sandamu. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuma ta yanke wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura zuwa Nijar ta yau.

Malam Musa bai daɗe ba, shekara biyar kacal. Ɗansa Abdurrahman ne aikin ya faɗo wa. To, ka duba majalisar da yake zama da ita: ga hakimin da aka karɓe sarauta daga gidansu jiya-jiya, ga ɗan'uwa na Ɓaure da ke ganin shi ma jinin Sarkin Gwari ne, ga barorin gidansu masu jiran a saka musu wahalar gudun hijira, ga kuma Bature da takardun haraji da baitulmali, wanda bai san yawancin wannan ba. Kowa da abin da ke ransa, kuma dole a yi aiki tare, a tara jangali, a yi shari'a, a ciyar da talaka, musamman da yunwar 1914 ta auko yana sabon sarki.

Masu karatu za su tuna ranar buɗe Makka, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalha mabuɗin Ka'aba, alhali iko na hannunsa. Wanda aka mayar wa gidan ubansa yana cikin irin wannan jarrabawa, don zuciya takan so ramuwa. A ganina, babbar shaida a kan Abdurrahman ita ce masarautar da aka ɗinke a 1906 ba ta sāke ɓarkewa a hannunsa ba. Wanda ya taɓa shugabantar ko da mutum goma a ofis ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A zamaninsa aka cire Daura daga Lardin Kano aka haɗa ta da Katsina a 1934. Ya ga yaƙin duniya biyu, ya ga zuwan siyasar jam'iyyu da mulkin kai a 1960. Da ya rasu a 1966, Wamban Daura Alhaji Muhammadu Bashar, tsohon minista a gwamnatin Jihar Arewa, shi ya gaje shi, ya yi sarauta har 2007.