Tarihin Gregor Mendel, Uban Ilimin Gadon Halitta

'Yan uwana ɗalibai, cutar sikila da ke addabar mu a Kontagora ce ta sa na zaɓi Mendel. An haife shi a 1822, a gidan manoma masu magana da Jamusanci, sannan ya zama limamin coci a birnin Brno. Daga 1856 zuwa 1863 ya duƙufa kan auratayya tsakanin nau'o'in wake, har ya gano cewa siffar da ta ɓuya a jikin iyaye takan bayyana a ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu. Ya mutu a 1884, ba a san darajar aikinsa ba sai a 1900. Lissafinsa ya hau kan miji da mata masu jinin AS: kowane ciki na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS. Don haka ina roƙonmu, mu yi gwajin jini kafin aure.