Fred Archer: Gwanin Sukuwa da Yunwa ta Ci

A tarihin sukuwar dawaki ta ƙasar Ingila da wuya a sami mahayin da sunansa ya kai na Fred Archer. An haife shi a garin Cheltenham ranar 11 ga Janairu, 1857. Mahaifinsa, William Archer, shi ma mahayi ne, don haka hawa gado ne a wurinsa. Yana ɗan shekara 11 aka damƙa shi ga Mathew Dawson, wani mashahurin mai horar da dawaki a Newmarket, domin ya koyi sana'a.

Tun daga 1874 har zuwa 1886, wato shekara 13 a jere, babu mahayin da ya fi shi yawan cin sukuwa a Ingila. Ya hau sau 8,084, ya zo na ɗaya sau 2,748, kuma sau 5 yana cinye babbar gasar nan ta Derby. A 1880 wani doki ya cije shi a hannu, amma duk da haka ya hau Bend Or da hannun a ɗaure, ya ci Derby ta wannan shekara.

To, sai dai jikinsa bai dace da sana'arsa ba. A irin wannan sukuwa akan ƙayyade nauyin da kowane doki zai ɗauka, a auna mahayi da sirdinsa kafin a tashi. Yaro ɗan ƙarami ba ya shan wahalar sikeli. Amma Archer ya yi ta tsawo har ya kai ƙafa 5 da inci 10, kuma da hunturu, lokacin da ba a sukuwa, nauyinsa kan kai wajen kilo 70. Da zarar an koma fage, tilas ya sauko kusa da kilo 54. Dabarunsa uku ne, kuma babu mai kyau a cikinsu: zama da yunwa, shiga ɗakin sirace da ya gina a gidansa don ya zubar da gumi, da shan wani maganin wankin ciki mai ƙarfi da wani likita ya haɗa masa, wanda har aka laƙaba wa sunansa.

Abin lura a nan shi ne shekarun da ya yi wannan horon kai. Masana sun tabbatar cewa ƙashin mutum yana tara yawancin ƙarfinsa ne daga balaga zuwa wajen shekara 30, kuma yana bukatar isasshen abinci, da sinadarin kalsiyam, da bitamin D. Idan abinci ya gaza, ba kitse kaɗai ke narkewa ba; tsoka kan zube, ƙashi ya rasa kauri. Binciken da aka yi a kan matasan mahaya a Ailan da Ingila ya nuna da yawansu ƙashinsu bai kai na tsararrakinsu ƙwari ba, alhali kuwa sana'arsu ta faɗuwa ce. A zamanin Archer likita ba shi da hanyar ganin wannan ɓarna, domin hoton ƙashi bai samu ba sai a 1895.

A 1884 matarsa, Helen, ta rasu bayan haihuwa, kuma bai sake walwala ba. A watan Oktoba na 1886 ya matsa wa kansa da yunwa fiye da kima don ya hau St Mirin a gasar Cambridgeshire. Ya sauko kilo 54, amma aka tsere masa da tsawon kan doki. Kwanaki kaɗan bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, likitoci suka ce taifot ne. Ranar 8 ga Nuwamba, 1886, cikin gushewar hankali, ya harbe kansa a gidansa na Newmarket, a gaban 'yar'uwarsa. Shekarunsa 29.